Shawara: Furen da Mama ta dasa min ya daina fure, kuma ina tsoron in taɓa shi

Wata 'yar uwa ce ta turo wannan saƙon, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min da shawara. Akwai wani fure da mahaifiyata ta dasa min da hannunta a gefen katangar gidana shekara 7 da suka wuce, deilili ake ce masa, mai dogon ganye kamar na ciyawa da fure ruwan lemo. Bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa. Da farko yana fure sosai, amma yanzu ganye kawai yake ta yi ya zama ƙaton dunƙule, bara sanda uku kacal ya fitar, kuma furen ma in ya buɗe da safe kafin gobe ya yi yaushi ya langaɓe. Kullum ina ba shi ruwa, duk sati biyu ina zuba masa yuriya, har ƙasa na ƙara tara masa a gindi. Maigida ya ce a tumɓuke a sa wani abu, ƙanwata kuma ta roƙe ni in yago mata kaɗan na hana ta har ta yi fushi, ni tsoro nake kar in taɓa ya mutu. Akwai bishiya kusa da shi da ta girma yanzu, kuma kyanwata na son kwanciya a cikin ganyen, ban sani ba ko ita ce ke ɓata shi. Wallahi ji nake kamar ni nake kashe abin da Mama ta bar min."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma layin ƙarshen nan ya tsaya min a rai, shi yasa zan fara da shi: furen nan ba mutuwa yake yi ba, ko kusa. Shukar da ke mutuwa ba ta zama ƙaton dunƙule ai, ramewa take yi tana ja da baya. Naki ƙoshi ne ya yi masa yawa, ga cunkoso, ga ƙasa an tula masa har wuya, ga inuwa ta rufe shi. Kuma maganin shi ne ainihin abin da kike tsoro, wato a tono shi a raba. Ƙanwar nan taki da kika hana, da kin bar ta ta yaga da ta yi wa furen gata ba tare da ta sani ba.

Maganar yaushin da yake yi kafin gobe, ki cire wannan daga cikin damuwarki gaba ɗaya domin halittarsa ce haka. Sunansa na kimiyya Hemerocallis, kalmomin Girkanci ne guda biyu aka haɗa, ɗaya na nufin yini ɗaya kuma na nufin kyau, kinga kenan kyawun yini guda, kuma tun 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta shi da wannan suna. Asalinsa daga gabashin Asiya ne, Sin da Koriya da Japan. Kowane fure yini ɗaya yake yi a duniya, ko a lambun wa yake, ko wane irin taki aka ba shi. Abin da ke sa mutane su ɗauka yana daɗewa shi ne kowace sanda tana ɗauke da ƙullin fure da yawa, wato furen da bai buɗe ba tukun, yau wannan ya buɗe gobe na kusa da shi, to in dunƙulen ya fitar da sanda ashirin ko talatin sai ki ga ya yi makonni yana fure ba yankewa, ba ki ma lura cewa na jiya ya tafi ba. Shekarun farko haka naki yake. Yanzu da ya koma sanda uku shi ne idonki ya fara ganin mutuwar kowane ɗaya. Da safe ki riƙa tsinke na jiyan da yatsu, a hankali kar ki ɓalle ƙullin da ke gefensa, in kuma sandar ta gama gaba ɗaya ki yanke ta daga ƙasa.

Toh me ya rage sandunan? Ki je ki durƙusa a gindinsa ki buɗa ganyen da hannu ki duba da kyau. Zaki ga ba shuka ɗaya ba ce, ganyen yana fitowa ne tsari-tsari, kowane tsari a baje hagu da dama kamar mafici, kuma kowane mafici ɗin nan shuka ce mai zaman kanta da nata saiwar. Mama wataƙila biyu ko uku ta dasa. Duk shekara kowanne yana haifar wani a gefensa, shekara bakwai kenan suna ta haihuwa a rami ɗaya, saiwoyi sun sarƙe sun hau kan juna, na tsakiya ba iska ba haske ba wurin miƙe ƙafa. Mafici mai ƙarfi ne yake fitar da sandar fure, siriri wanda aka matse ganye kawai zai iya. Shi yasa masu kula da wannan fure suke raba shi duk bayan shekara 3 zuwa 5, naki ya wuce lokaci da shekara biyu ko fiye.

Sai yuriya. Dan Allah daga yau ki ajiye ta. Yuriya kusan kashi 46 cikin 100 wani sinadarin abincin shuka ne da ake kira naitirojin, shi kuma naitirojin aikinsa ganye, ki ba shuka shi da yawa sai ta yi ta zuba kore shar mai taushi ta manta da fure, ganyen mai taushin nan kuma shi ƙwari suka fi so. Duk sati biyu kam ya yi yawa matuƙa. Deilili ba mai ci ba ne, ruɓaɓɓen takin gargajiya wanda ya huce sosai sau ɗaya a shekara ya ishe shi, in kuma na zamani zaki sa to ki nemi NPK wanda lambobin da ke jikin buhunsa suka yi daidai da juna, ɗan barbaɗe kaɗan lokacin da sabon ganye ya fara fitowa, a zagaye nesa da gindin, ki bi da ruwa.

Ƙasar da kika tara masa ma na san don ƙauna kika yi, amma ita na fi jin tsoro a cikin duka. Akwai wani ɗan wuri fari-fari inda ganye ya haɗu da saiwa, ni wuya nake ce masa, daga nan ganye da sanda da saiwa duk suke fita. Wannan wuyan bai kamata ƙasa ta rufe shi fiye da santimita biyu da rabi ba, kamar gaɓar yatsa ɗaya. In ya nutse fure yana raguwa, in kuma aka haɗa da ruwan kullum da zafi sai ya ruɓe, kuma ruɓewar wuya ita ce kusan abu ɗaya da ke kashe wannan shuka da sauri, ki ja ganye ya biyo hannunki salin alin da wari. Yau ɗin nan, tun kafin ki yi komai, ki sa hannu ki janye ƙasar da kika ƙara. Ruwa kuma ki daina yayyafin kullum, ki ba shi sosai har ya ratsa ƙasa sau ɗaya ko biyu a sati, in ƙasarku yashi ce ko ana tsananin zafi ki ƙara, amma kafin ki zuba ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki bari sai gobe. Lokacin da ya fi buƙatar ruwa shi ne sanda yake fitar da sanduna da ƙulli.

Ita kuma bishiyar, ki ware rana ɗaya ki ƙirga. Ƙarfe nawa rana ke sauka a kan furen, ƙarfe nawa take barinsa? Yana son aƙalla awa 6 na rana kai tsaye. Tsakanin katanga da bishiyar da ta girma ina zargin ko uku ba ya samu yanzu, ga saiwar bishiyar tana shanye ruwa da takin da kike zubawa ta ƙarƙashin ƙasa. In a ƙasa mai zafi sosai kike, ranar safe zuwa azahar ta fi masa, ɗan inuwar yamma ba laifi, musamman masu launi mai duhu da rana ke koɗar da su.

Yanzu kyanwa, kuma nan ki saurare ni sosai don shi kaɗai ne abin gaggawa a saƙonki. Ba ita ke cutar da furen ba, furen ne zai iya cutar da ita. Deilili guba ne ga kyanwa, ganyensa da furensa har da garin da ke cikin furen wanda zai iya maƙale mata a gashi ta lashe, kaɗan ta ci yana iya lalata mata ƙoda cikin 'yan kwanaki. In kin taɓa ganin ta tauna shi, ko kika ga tana amai ta daina cin abinci ta yi lakwas, kar ki jira ki gani, ki kai ta wajen likitan dabbobi a ranar, domin saurin kaiwa shi ke ceton ta. Ki hana ta kwanciya a wurin, in kin sake dasawa ki kewaye da ragar waya ko ki zaɓi inda ba ta zuwa, kuma kar ki yanko furen ki shigo da shi ɗaki.

Toh ga yadda ake rabon. Lokacin da ya fi shi ne bayan ya gama fure, ko farkon fitowar sabon ganye, a rana mai sanyi-sanyi ko da yamma, ki guji tsakiyar zafi. In a ƙasar da ake ƙanƙara kike, ki yi shi aƙalla sati 6 kafin ƙasa ta daskare don saiwa ta samu ta kama. Jajibirin ranar ki shayar da shi sosai. Ki fara haƙa sababbin ramukan tukun a wurin da rana take, kar ki tono shi sannan ki tsaya neman inda zaki sa. Sai ki sa almakashi ko wuƙa ki datse ganyen duka ki bar kamar santimita 15 zuwa 20, na san wannan zai yi miki ciwo a ido, amma saiwar da aka taɓa ba za ta iya shayar da dogon ganye ba, datsewar sauƙi ce gare shi. Ki ja baya kamar taƙi ɗaya daga gindin, ki zagaye shi da shebur kina turawa ƙasa kina ɗagawa kaɗan-kaɗan har ya saki. Dunƙulen shekara bakwai nauyi ne da shi ba na wasa ba, nan ne zaki kira maigida.

Ranar da na fara raba nawa ban manta ba, na kwantar da shi a gefe na sa masa ruwan tiyo, ƙasar tana zubewa sai ga saiwoyin sun bayyana, ruwan ƙasa-ƙasa, dogaye, wasu sun kumbura a tsakiya kamar yatsun hannu masu ƙiba, a cikinsu yake ajiye ruwa da abinci shi yasa yake jure fari da wahala. Da na ga yawansu sai hankalina ya kwanta, na gane abin nan ba mai saurin mutuwa ba ne. Ke ma ki wanke naki haka, in ƙasar ta fita zaki ga inda kowane mafici ya rabu da ɗan uwansa. Ki kama biyu ko uku tare ki riƙa jijjigawa kina murɗawa kina ja a hankali, wasu da kansu za su saki. Inda ya ƙi, ki sa wuƙa mai kaifi mai tsabta ki yanka ta tsakanin mafici biyu. Zaki ji ƙarar tsinkewar saiwa, ɓas ɓas, kar gabanki ya faɗi, ba wanda ya taɓa raba shi ba tare da ya tsinke wasu ba. Abin lura kawai kowane kashi ya tafi da wuyansa da saiwarsa. Duk wanda kika ga ya yi laushi ko baƙi ko yana wari ki yanke ki zubar, waɗanda wuƙa ta taɓa kuma ki bar su a inuwa 'yan awanni bakin yankan ya sha iska kafin ki dasa.

Ramin ya kai kamar santimita 30 zurfi da faɗi, ki gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, in ƙasar laka ce mai riƙe ruwa ki ɗaga wurin ya zama ɗan tudu don ba ya son ƙafarsa a cikin ruwa. A tsakiyar ramin ki tara ƙasa ki yi ɗan tsibi, ki ɗora shukar a kai saiwoyin su zubo ta ko'ina a gefensa, ki mayar da ƙasa ki danna da tafin hannu, ki tuna maganar wuya, gaɓar yatsa ɗaya kawai. Tsakanin wannan da wancan ki bar santimita 45 zuwa 60, zai yi miki kamar fili ya yi yawa amma shekara biyu za su cike shi. Ki ba su ruwa sosai, ki shimfiɗa busasshen ganye a kewaye don riƙe danshi amma kar ya taɓa wuyan. Takin zamani kuwa sai kin ga sabon ganye ya fito.

In har yanzu zuciyarki ta ƙi yarda ki tono duka, ba zan matsa miki ba, na fahimta. Ki sa shebur ki yanko kashi ɗaya daga gefe kawai, kamar rubu'insa, ki raba ki dasa a rana ki bar sauran inda Mama ta sa shi. In kika ga da idonki yadda waɗannan suka kama, tsoron zai tafi da kansa ki ƙarasa sauran.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe. Deilili in aka shuka shi daga iri, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba, sabon abu ne daban, kuma sai ya shekara biyu ko uku kafin ya yi fure. Amma wanda aka raba, shi ɗin ne dai, jiki ɗaya ne aka yi wa gida biyu. Wanda zaki ba ƙanwarki ba kwafin furen Mama ba ne, furen Mama ne da kansa, wanda hannunta ya taɓa. Ita ma fa 'yarta ce, ina ganin abin da ya sa ta roƙa shi ne abin da ya sa kika hana, kewa ce ke damun ku duka biyun. Ki kira ta ki ce ta zo ranar rabon ku yi tare. Kuma ko ta fuskar tsaro kika duba, shuka ɗaya a rami ɗaya ruɓewa ɗaya ce ke raba ki da ita, amma in tana gidanki tana gidan ƙanwarki, ko wani ya lalace akwai inda za a je a yago.

Yadda kika siffanta shi ma, ruwan lemo mai dogon ganye, ya yi kama da wanda ake kira Hemerocallis fulva, tsohon iri ne mai taurin rai wanda yawanci ba ya yin 'ya'ya, ta ƙarƙashin ƙasa yake yaɗuwa, a Amurka har bakin titi da gefen kwalbati yake fitowa da kansa ba mai ba shi ruwa, wasu jihohin ma sun sa shi cikin tsirran da ke mamaye wuri. Irin wannan shebur ɗinki ba zai kashe shi ba.

Tunda zaki datse ganyen, ki duba bayansu. In kin ga ɗigo-ɗigo masu ɗan tudu, ki goga farin tishu, in ya fito da gari ruwan lemo to tsatsar deilili ce, cutar da ta fi yawa inda ake ɗumi da danshi. Ba kasafai take kashewa ba amma tana raunana shi, ki tattara ganyen ki zubar nesa kar ki sa a cikin taki, ki riƙa zuba ruwa a ƙasa ba a kan ganye ba. Ƙananan ƙwari masu tsotsa kuma ruwan sabulu mara ƙarfi da yamma yana rage su.

In wata rana kin so ki ƙara wasu kala a gefensa, akwai su ba iyaka. Tun aikin da Arlow Stout ya yi a lambun tsirrai na Niyu Yok a farkon rabin ƙarni na 20 ake ta haɗa iri, yau waɗanda aka yi wa rajista sun haura 80,000. Akwai wani gajere ruwan ɗorawa mai suna Stella de Oro da Walter Jablonski ya fitar a 1975, yana maimaita fure fiye da sau ɗaya a shekara kuma yana zama a tukunya. Abin da zaki tambaya kafin ki karɓa shi ne ko mai zubar da ganye ne ya yi barci lokacin sanyi, ko mai kore ne duk shekara, domin a ƙasa mai zafi mai koren ya fi jurewa, mai barcin yana buƙatar sanyi kafin ya farfaɗo da ƙarfi. Amma wannan sai daga baya, ki fara da na Mama.

Shi kuma maigida kar ki ɗauka rashin tausayi ne, abin da yake gani tulin ganye ne a gefen katanga, wataƙila bai ma san nauyin abin a ranki ba, ki zaunar da shi ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa min. Ki ce masa kin yarda wurin bai yi kyau ba kuma za a tashe shi daga nan, sai dai ba zubarwa za a yi ba, mayar da shi rana za a yi, in yana son sa wani abu a gindin bishiyar ya sa mai son inuwa.

Bayan dashen ganyen waje zai yi rawaya ya bushe, kar ki firgita ki koma ruwan kullum, ki riƙa duba tsakiyar maficin, cikin sati biyu zuwa uku zaki ga ɗan sabon ganye kore yana leƙowa daga inda kika datse, wannan ce alamar ya kama. Shekarar farko furen zai iya zama kaɗan don yana gina saiwa, a ta biyu ne zaki ga sanduna sun taso da yawa insha Allah. Ki rubuto min bayan kin ƙirga awannin ranar, ki kuma gaya min abin da kika tarar a wuyan da kika janye ƙasar, in akwai laushi ko wari to ba sai an jira lokacin rabo ba, a satin nan za a tono shi.